Ƙwai a Ƙarƙashin Rigar Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda yake gina halitta a ɓoye, ya fito da ita a lokacin da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Ni Muhammad Sani, wanda ya yi alƙalanci har ya ajiye, ina yin sallama ga duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa a bayana. Na yi shi ne domin hannuna ya sami abin yi a kwanakin da baki ya fi kyau da shiru.

Asabar, bayan la'asar

Sakinatu ta iso gida da hantsi, ita da abokiyar aikinta Clara, da 'ya'yan Clara biyu. Mijin Clara ba ya tare da su, ni kuma ban tambaya ba. Abin da ya tashi a gari tun jiya ya kai unguwarsu. Mu a nan Nasarawa hayaƙi kawai muke hange ta saman bishiyoyi.

Su biyu suka sauko da wani akwatin ƙarfe mai murfin gilashi daga mota, suna tafe da shi kamar masu ɗauke da majinyaci. Injin ƙyanƙyasa ne, cike da ƙwai. An rufe ɗakin bincikensu, kuma babu wuta a can.

Sakinatu ce autata. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ta karanta likitanci a Zariya, ta yi shekaru a ƙasar waje a kan abu guda: tantanin nan da yake shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, wanda haske yake sauka a kansa. Tana nazarin yadda yake ginuwa hawa-hawa tun ɗa yana tayi, da yadda jijiyoyinsa suke samun hanyarsu zuwa ƙwaƙwalwa babu ja-gora. Da ta dawo gida, ta tarar da yara a asibitin ido masu wani irin dundumi da ba ya jin cin hanta, ba ya jin magani, yana bin jinin gida ɗaya har ya ƙare da makanta. Daga baya, a wani ƙauye gaba da Hotoro, ta sami kajin wata tsohuwa masu irin wannan lalura. Ta karɓi wasu ta yi ta rainon zuriyarsu, domin a idonsu take fatan ganin inda ginin yake karkacewa. Annobar kaji ta daminar bana ta share su duka, nata da na tsohuwar.

Ta ce, "Abba, ƙwan nan su ne na ƙarshe. In suka mutu, irin ya ƙare, aikin ya ƙare."

Na ce, "Me suke bukata?"

Ta nuna mini ma'aunin zafi mai jan layi. Kada zafi ya sauka daga layin, kuma a riƙa juya su a kai a kai. Na ce sai mu haɗa juyin da salloli biyar, kada a manta.

Clara ta ce, "Baba, ai sai su fito da alwalarsu."

Ita ce maganarta ta farko tun da ta shigo gidan. Aka ajiye injin a ɗakin karatuna, domin nan wayar janareta ta fi ƙarfi.

Lahadi, hantsi

Sun tafi. Clara ba ta runtsa ba, kuma ba ta da burin da ya wuce ta kai yaran wurin danginta gaba da Zariya. Motar Sakinatu ba mai, gidajen mai kuma a rufe. Na sa aka juye jarkokin janareta a tankinta, aka bar guda.

Sakinatu ta dubi jarkokin, ta dubi ƙofar ɗakin karatu. Ta ce, "Abba, ƙwan fa?"

Na ce, "Ki kai waɗanda suka riga suka fito duniya. Na cikin ɓawo ki bar mini."

Uwargidana Hajiya Rabi ta ɗauko mayafinta mai ruwan toka ta yafa wa Clara, ta gyara mata shi har goshi. Da shi za ta fi wucewa lafiya a hanya.

Litinin, bayan azahar

Da nake juya ƙwan yau, na lura fiye da rabinsu suna da busasshen kashin kaji a jiki. Ɗakin nan a cikinsa littattafaina suke, a cikinsa nake nafila. Ban san abin da iyayensu suka ci ba, kuma malamanmu sun bambanta hukuncin kazar da take kiwon ƙazanta da wadda ba ta yi. Na zaɓi fita daga shakka. Na ɗebo ruwan randa mai sanyi, na wanke masu dauɗar ɗaya bayan ɗaya har suka yi fes, na mayar. Yanzu ɗakin ya dace da abin da yake cikinsa. Yaran zamani, ilimi ya yi yawa, tsafta ta yi ƙaranci.

Talata, bayan magariba

Sakinatu ta bugo waya. Sun isa lafiya, amma an tare hanya a bayansu, ba ranar dawowa. Na ba ta labarin wankan. 

"Da wane ruwa, Abba?"

"Na randa."

Ta ce ɓawon ƙwai yana da ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako yake numfashi, kuma kaza tana shafe shi da wani rufi mai tsare ƙofofin. Wanki yana cire rufin, ruwan sanyi kuma yana zuƙe dauɗar zuwa ciki. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Sannan ta koya mini haska ƙwai. A rufe taga, a ɗora ƙwan a bakin tocila. In akwai jijiyoyi ja a bazu, da baƙin ɗigo mai motsi, da rai. In zoben jini ne kawai, ya tafi.

Na ce, "Ɗigon mene ne?"

Ta ce, "Idon ne, Abba. Shi ne abin da ya fi komai girma a kansa yanzu."

Laraba, da yamma

Ban fita ba. Gari shiru, irin shirun da ba na so.

Juma'a, bayan an sauko

Masallaci rabi ne. Liman ya gajarta huɗuba, kowa ya kama hanyar gida ba tsayawa gaisawa.

Na haska su duka. Na daɗe ina karanta bayanin malamai a kan halittar ido, amma ban taɓa ganin ana cikin yin ta ba sai yau. Ɓawon ya yi ja kamar garwashi, ga jijiyoyi kamar saiwa, ga ɗigon nan baƙi yana lilo, yana kauce wa hasken. Abin da bai taɓa ganin rana ba, an riga an yi masa ma'aunin rana. Na yi tasbihi har tocilar ta yi zafi a hannuna.

Waɗanda na wanke kuwa, zobe ne. Duka. Na binne su a gindin lemo, ban bari Hajiya ta taya ni ba.

Saura bakwai.

Lahadi, bayan azahar

Malam Falalu ya bugo. Tare muka yi karatun zaure da shi tun muna samari, yanzu kuma tare aka sa mu a kwamitin malamai da yake ba wa 'yan majalisa shawara a kan tsarin kotunan shari'a. Ya ce za a zauna ranar Alhamis ko gari ya lafa ko bai lafa ba, kuma babin shaidu nawa ne, babu mai gabatar da shi sai ni. Na ce in Allah ya yarda.

Wutar gari ba ta dawo ba tun Juma'a. An ce abin da ya ƙone ba ƙarami ba ne. Mun kashe firji da fanka, janareta ƙwai kaɗai yake yi wa aiki. Ina ɗaga jarkar in ji nauyinta fiye da yadda ya kamata.

Litinin, hantsi

Janareta ya yi tari ya mutu bayan asuba. Wayar hannuna ma ta mutu. Na aika maƙwabta, kowa nasa ya ƙare ko ya kulle gida ya tafi.

Hajiya ta kawo kasko da gawayi, muka kewaye injin da bargo. Zafin ya haura layi, muka janye, ya faɗo ƙasa. Muka yi ta haka har na fara zargin ma'aunin da ƙarya. Don in gwada shi sai na sa shi a hammatata. Da na ciro, ya tsaya dab da jan layin, saura ƙiris.

Na dubi Hajiya. Ta dube ni. Ta ce, "Malam, kada ka faɗa."

Na ce, "Ban ce komai ba."

Ta tashi ta ɗauko tsohon rawanina da audugar matashi. Kafin azahar ta ɗinka ɗamara mai aljihu bakwai. Ita hawan jini da ciwon baya ba za su bar ta ta ɗauka ba, don haka ni ne. Aka ɗaura mini a fata, huɗu a dama uku a hagu, aka ɗora taguwa, da rigar sanyi, da babbar riga, da bargo a kafaɗa. Ta kuma sa na karya azumin Litinin ɗina. Ta ce cikin da ba abinci ba ya ɗumi.

Talata, bayan la'asar

Mas'ala ta taso, kuma ban taɓa jin an tambaye ta a haka ba. Shin sallar mai ɗauke da ƙwai ta inganta?

Hajiya ta ce in kwance in yi salla in mayar, ai kaza ma tana sauka ta yi kiwo. Na ce kaza ta fi ni zafi, tana da rarar da za ta yi asara. Ni a ƙasa da layi nake, ba ni da abin da zan rage.

Na buɗe littattafai a tsaye, domin sunkuyo ya zama abin lura. Hukuncin a mazhabarmu a fili yake. Duk mai rai tsarkakakke ne, ruɓaɓɓen ƙwai kuwa najasa ne. Ashe ingancin sallata ya rataya a kan abin da aikin Uwata ya rataya a kai. In da rai a ɓawo, sallata ta yi, aikinta ya tsira. In babu, mu biyu mun yi asara. Saboda haka kafin kowace salla sai mu rufe taga, Hajiya ta riƙe tocila, in zaro su ɗaya-ɗaya. Sun yi girma yanzu, duhu ya cika ɓawon, sai a gefe ake ganin motsi. Hajiya ce mai shaida ta biyu.

Na shekara da yawa ina karɓar shaida a kan dukiya da jini. Ban taɓa jiran amsar shaida da irin wannan faɗuwar gaba ba.

Sujada sai a hankali, gwiwar hannu a buɗe. Kishingiɗa a kujera ita ce barcina.

Laraba, bayan la'asar

Ɗaya na hagu ya daina motsi. Da azahar na yi shakkarsa, na ce ko barci yake. Da la'asar na tabbata, na cire shi, na wanke wurin, na rama azahar.

Hajiya ta ce, "Malam, ka ci tuwon nan. Masu jego ba sa wasa da abinci."

Ban yi dariya ba sai da ta fita.

An ji harbi daga wajen Tudun Wada, bai daɗe ba. Babu labarin Uwata.

Alhamis, bayan azahar

Malam Falalu ya zo da kansa da hantsi, a motar kwamiti, da ɗan sanda a gaba. Ya tarar da ni a falo cikin bargo, gumi yana bin gemuna.

"Subhanallahi. Alƙali, zazzaɓi ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To tashi mu tafi. Shugaban kwamiti yana jira, har 'yan majalisa biyu sun zo."

Na ce ba zan iya shiga mota ba, ramukan hanya sun yi yawa, kuma zauren taron yana da na'urar sanyi. Ya ce tun yaushe na fara tsoron rami. Ya miƙo hannu zai kama ni ya tayar, kamar yadda muka saba, na ce, "Falalu, kada ka taɓa haƙarƙarina."

Ya zauna. Ya ce, "Mun yi shekaru muna roƙon Allah ya nuna mana ranar da za a tambaye mu yadda za a tsara kotu. Yau an tambaya, kai kuma kana zaune kamar amarya. In wani ne ya tsorata ka, faɗa mini."

Ina shirin haɗa masa uzuri mai mutunci, sai wani siririn kuka ya fito daga ƙarƙashin hammatata ta dama. Ya yi shiru, ya sake.

Malam Falalu ya duba ƙarƙashin kujera. Ya duba bayan labule. Sannan ya dubi cikina.

"Muhammadu, me ka haɗiya?"

Na buɗe bargon, na ɗaga riga, na nuna masa. Na ba shi labarin tun daga kajin tsohuwa har ruwan randa, ban rage komai ba. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce shekara hamsin yana neman abin da zai riƙe ni da shi, yau Allah ya ba shi. Da ya nutsu sai ya tambaya, "Sallar fa?"

Na gaya masa yadda na fitar da hukuncin. Ya shafa gemu, ya kawo ishkali a kan wanda ya mutu tsakanin salla biyu, na ce na rama. Ya ce, "Ka yi daidai." Sannan ya matso da kunnensa jikin rigata, dattijo mai jikoki, ya saurara.

Ya ce, "Wannan amana ce aka ba ka hannu da hannu, kuma babu mai ɗaukar ta sai kai. Babin shaidu yana da mai karanta shi. Ba ni takardun."

A bakin ƙofa ya juyo ya ce zai gaya wa kwamiti Alƙali yana kwanci. Na ce in ya faɗa, zan ba da labarin ranar da jaki ya kayar da shi a gaban malaminmu. Muka rabu a kan sulhu.

Juma'a, hantsi

Sakinatu ta dawo. An buɗe hanya jiya da yamma, ta kwana a Zariya, ta taso da asuba da jarkoki biyu a bayan mota. Ta rame. Ta shigo ɗakin karatu da gudu, ta ga injin a buɗe, babu komai a ciki, sanyi ƙalau. Ta dafa bango.

Na ce, "Uwata, zo nan."

Na kwance ɗamarar a gabanta. Biyu sun riga sun huda ɓawo, ana ganin ɗan baki yana motsi. Ta durƙusa, ta sa tafin hannu a kansu, ta sa a cikina, ta sake sawa a kansu. Ta ce, "Tun yaushe?" Hajiya ta ce tun Litinin. Ta buɗe baki za ta yi magana irin ta likitoci, sai ta kifa fuska a gwiwata kamar tana 'yar shekara biyar.

Aka tayar da janareta, ta sa kwanon ruwa a injin domin ɓawo ya yi laushi, aka mayar da su. Na yi wanka. Zan tafi masallaci, jikina sakayau kamar an sauke mini buhu, amma hannuna yana ta komawa haƙarƙari.

An sami Malachi, mijin Clara. Da ransa. Sauran ba nawa ba ne in rubuta.

Lahadi, bayan asuba

Biyar sun fito. Na shidan ya huda, ƙarfinsa ya ƙare a nan. Biyar suna tsaye, sun bushe, suna ihu kamar masu bin haƙƙi. Alhamdu lillahi.

Talata, da yamma

An sassauta dokar hana fita. Mai kayan miya ya dawo layinmu, ban ga mai gyaran takalmi ba.

Ina yi wa 'yan tsakin addu'a bayan kowace salla, Allah ya raya su, ya ba su lafiya. Sakinatu ta ji ni, ta ce, "Abba, a rage addu'ar lafiyar nan. A tsaya a kan rayuwa." Ta ce har yanzu ba ta tabbata sun gaji lalurar ba, kuma in idonsu garau ne, kaji biyar kawai muka samu, irin na kowa.

Asabar, bayan isha

Yau ta yi gwajin. Ta sayo 'yan tsaki na kasuwa masu kwanaki kamar nasu, ta shafa wa namu shuni a ka don a bambance. Da rana ta watsa tsakin dawa a faranti, duka suka ci, babu bambanci. Da rana ta faɗi, bayan mun idar da magariba, ta fito da su tsakar gida a sauran hasken da mutum yake iya gane fuskar ɗan'uwansa da shi, ta sake watsawa.

Na kasuwa suka rufa wa farantin. Namu suka tsaya cik. Ɗaya ya miƙa wuya ya sari iska. Ɗaya ya taka cikin abincin bai sani ba, ya wuce. Ta kunna fitila, suka ruga suka ci. Ta kashe, suka tsaya. Ta maimaita har Hajiya ta ce a bar bayin Allah su ci abinci.

Duka biyar.

Sakinatu ta fuskanci alƙibla ta yi sujada a kan siminti, ba darduma. Da ta ɗago ta ce waɗannan ba za a taɓa su ba, iyaye ne, a 'ya'yansu za ta ci gaba da duba tantanin tun daga ranar da yake fara ginuwa. Ta ce akwai wani magidanci da yake kawo mata 'ya'yansa uku asibiti, babban ya riga ya daina gane hanya da yamma, kuma duk zuwa sai ya tambaye ta ina aka kwana. Ta yi makonni tana tsoron haɗuwa da shi. Ta ce ranar Litinin za ta iya haɗa ido da shi. Sannan ta shiga ta buga wa Clara waya, na ji su daga nan suna magana a tare, ba mai sauraron wata.

Ni kuwa na zauna a tsakar gida, ɗaya daga cikin masu shunin ya laluba ya hau ƙafata ya lafe. Tun ina yaro nake roƙa wa mutane Allah ya tsare musu gani. Yau na ga makanta a jikin abin da na ɗauka a haƙarƙarina, na ce alhamdu lillahi da dukan zuciyata, kuma na bincika ban sami abin tuba a cikinta ba.

Allah ya yi wa Uwata albarka, ya kai ta inda take nema, ya sa 'ya'yan mutumin nan su ci moriyarsa tun da sauran haske a idonsu. Allah ya mayar da Clara da iyalinta gidansu cikin aminci, ya kwantar da garinmu. Kai kuma mai karatu, Allah ya raya abin da aka ba ka riƙo, ya yafe maka ɓarnar da ka yi da kyakkyawar niyya, ya bar maka ganinka har ƙarshen kwananka. Amin.